Daga randa zuwa kula: tarihin zoɓon taro a ƙasar Daura

An ce in rubuta tarihi, sai na ga gara in ɗauko wanda ke cikin madafinmu, wato abin shan da muke haɗawa da yawa in taro ya tashi.

A zamanin iyayenmu, in za a yi suna ko biki, ko Sallar Gani ta cika garin Daura da baƙi, ba zoɓo ake tarbar mutane da shi ba. Fura ce da nono, da farau-farau, da kunun zaƙi, sai ruwan tsamiya in azumi ya zo. Zaƙin kuma zuma ce ko mazarƙwaila, don sukari ƙwaya-ƙwaya ake sayen shi, na shayin maigida ne. Sanyi kuwa aikin randa ne: a binne gindinta cikin yashi mai laima a inuwa, a rufe da faifai. Kuma ba mace ɗaya ke yi ba. Tun jajibiri maƙwabta ke shigowa da turamensu, wata na surfe, wata na tankaɗe, Gwaggo na zaune kan tabarma tana ɗanɗanawa, ta ce a ƙara citta. Wannan gudummawar ai ita ce ƙungiya tun kafin mu san rajista.

Yakuwa tana nan tun lokacin, amma a gefen gona take, kan iyaka. Ganyenta na miya da fate, 'ya'yanta a yi daddawar batso, jan zoɓorodon kuma a ɗan jiƙa a gida. Ba wanda ya ɗauke ta abin fita kunyar baƙo. Da kuɗin mai suka shigo wajen 1970 zuwa 1980, sai lemon kwalba ya zama shi ne mutunci. Gidan da bai jera akwatunan lemo ranar biki ba, sai an yi da shi.

Abin da ya juya lamarin shi ne tsadar da ta biyo bayan tsarin SAP na gwamnatin Babangida a 1986. Darajar naira ta faɗi, akwatin lemo ya fi ƙarfin talaka. Shekara ta zagayo, 1987, aka ƙirƙiro Jihar Katsina, a shekarar ce kuma Maryam Babangida ta fito da shirin Better Life wanda ya zaburar da matan karkara su kafa ƙungiyoyin sana'a. Ma'aikata suka ƙaru, firji ya fara shiga gidaje, leda ta yi arha. Mu da muka ga lokacin mun san yadda aka yi: mace tana cikin ɗakinta, ba ta taka ƙofar gida ba, ta dafa zoɓo tukunya guda, ta ƙulla a leda, ta sa ƙanƙara, yara su kai bakin makaranta da tasha. Da wannan kuɗin aka yi zubin adashi, aka sayi kayan ɗakin 'ya'ya mata da yawa a garin nan.

Haɗin ma ya sauya. Na da citta ne da kanumfari da masoro. Daga baya motocin kudu suka riƙa kawo abarba, aka gano ɓawonta in an wanke an tafasa tare yana ba da ƙamshi, sai kokwamba, sai filebo na kanti. (Ni dai har gobe ban yarda da filebo ba, amma 'yan mata sun fi ni ƙuri'a.)

Sai dai tukunyar taro ba ta yafe ganganci. Zoɓon mutum goma in ya lalace asarar kofi goma ce, na mutum ɗari uku kuwa sunanki ne ya zube. Ya taɓa faruwa da ni a bikin ƙanwata: na zuba sukari tun dare, aka ɗauke wuta, kafin azahar baho biyu sun yi tsami suna kumfa. Tun ranar nake tafasa zoɓon da kauri in tace, in bar shi ba sukari, sai da safe in sirka da ruwan da aka dafa ya huce. Kunun aya ya fi shi saurin juyawa, shi kam ranar za a yi, ranar za a sha. Batun gorunan roba da ake tsintowa kuwa, wadda ta ga amai da gudawar da ta ratsa jihar nan a 2021 ba sai an yi mata dogon bayani ba. A wanke da sabulu da ruwan ɗumi, ko a sayi sababbi.

Yanzu ga inda aka kwana. Zoɓon da muka raina duniya ta san shi: Senegal suna ce masa bissap, Masar da Sudan karkade, Ghana sobolo. Mutanen Meziko kuma suna shan shi sosai, daga wajenmu suke saye. A 2017 kwantena kusan 2,000 aka tura masu daga Nijeriya, kafin a dakatar da cinikin na wasu shekaru saboda ƙwarin da aka gani a cikin kayan, daga baya aka ci gaba. Shi ya sa da kaka za ki ga dillalai na bin ƙauyuka da kasuwannin iyaka irin Maigatari suna kwashe shi buhu-buhu. Manomi ya samu, alhamdu lillahi. Amma mu masu tukunya, kwanon da muka saya da sauƙi a watan Disamba, in zafi ya shigo ana neman abin sanyi, sai mu tarar ya yi tsalle.

Don haka nake roƙon Hajiya shugaba da ma'aji su sa wannan a zaman da ke tafe: mu ware wani abu daga asusu mu sayi zoɓo da citta da tsamiya tun da kaka, a shanya su bushe ƙarau, a ɗora buhunan kan katako a ɗakin da ba laima, kowace mamba ta riƙa ɗiba a farashin saye. Ɗakin ajiya dai ina da shi, na bayar.