Tarihin Birkin Mai: Me Ya Sa Birkin Bayan Tsohon Babur Yake Saki?

Ka taɓa taka birkin baya ka ji ƙafarka ta zarce ƙasa, babur kuwa ko gezau? Kafin ka ɗora wa bakanike laifi, mu ɗan koma baya, domin tarihin birkin shi zai nuna maka inda gizo ke saƙa.

Birkin ganga, wanda ake danganta shi da Louis Renault na Faransa a 1902, shi ne dai a bayan Boxer da Jincheng ɗinmu har yau. Sandar ƙarfe ke jan takalmin birki ya goga jikin ganga. In ya yi sako-sako ka ƙara ɗaure noti, shi ke nan.

Birkin mai kuwa asalinsa wani bayani ne da Blaise Pascal ya yi tun ƙarni na 17: in ka matsa ruwa a rufaffen wuri, matsin zai isa ko'ina daidai. Malcolm Loughead na Amurka ya ɗora birki a kan wannan, kuma a 1921 motar Duesenberg ta fito da shi a ƙafa huɗu. Babura sun yi jinkiri. A 1969 Honda CB750 ta zo da birkin faifai mai aiki da mai, amma a gaba kawai, bayanta ganga ce. A 1975 Gold Wing ta zo da faifai gaba da baya. Daga nan ya bazu, shi ya sa kake ganinsa a tsofaffin manyan baburan da ake kawowa na hannu.

To ga sirrin: mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Da aka sauya sanda da mai an samu ƙarfi, amma ƙarfin ya dogara da roba da tiyo da mai, dukansu kuma suna tsufa. Man DOT 4 yana shan damshi. Sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa 155 ya ishe shi.

Don haka ka gwada kamar haka:

1. Duba kofin mai. In ya ragu, nemi yoyo a tiyo da wajen faifai, ka duba ko takalmin ya cinye.
2. Taka sau biyar da sauri. In ya yi tauri, galibi iska ce.
3. Taka ka riƙe. In yana nutsewa a hankali kuma babu yoyo, robar masta ce ta mutu, sai canji.
4. In sai ya yi zafi yake saki, man ne ya tsufa.
5. In tiyo na kumbura idan an taka, canza shi.

Fitar da iska, wato bilidin, ba wuya. Cika kofi da irin man da aka rubuta a murfinsa. Sa siririn tiyo a bakin notin fitar da iska, ɗaya bakin a kwalba. Taka ka riƙe, kwance notin kaɗan, ɗaure, sannan ka saki ƙafa. Maimaita har kumfa ta ƙare, kada ka bari kofin ya ƙafe.

Don Allah kada ka zuba man inji, yana kumbura roba. Kada ka haɗa DOT 5 da DOT 3 ko 4. In man ya ɗiga a fenti ka wanke nan take. Ka riƙa canza shi duk shekara 2.

In ka gama, gwada a hankali a cikin layi kafin ka hau titi, balle ka ɗauki wani a baya. In har yanzu da laushi, tura shi wajen bakanike, kada ka hau. Allah ya tsare hanya.