Gishirin Rini da Ma'anar Kiristal

Duk wanda ya san Kano ya san Bompai da Sharaɗa da Challawa sun yi suna da masaƙu da masana'antun jima. Yawancin rinin da ake turo musu daga waje na jinsin azo ne, wanda asalinsa binciken Bajamushe Peter Griess ne a 1858. Ana haɗa wannan rini da wani farin gishiri mai suna sodiyam naitirait. Tarihin gishirin nan nake so mu duba.

A da, masana sun ɗauka cewa kiristal, wato daskararren abu mai tsararrun ƙwayoyi, tamkar zane ne wanda adonsa yake maimaituwa daidai ba kuskure. A 1958 masanan Japan suka gano cewa ƙwayoyin wannan gishiri suna da kai da gindi na lantarki, duka suna fuskantar waje ɗaya, kuma ana iya juya su da ƙarfin lantarki. Irin wannan hali Joseph Valasek ya fara gani a gishirin Rochelle a Amurka a 1920.

To, a farkon shekarun 1960 sai aka ga abin mamaki. Idan zafi ya kai wajen digiri 163, kafin tsarin ya wargaje, akwai ɗan tsakani da bai cika digiri biyu ba. A nan fuskar ƙwayoyin takan riƙa sauyawa sannu a hankali kamar igiyar ruwa, tana zagayowa bayan ɗakuna takwas zuwa goma na ginin kiristal, amma tsawonta bai rabu daidai da ɗakunan ba. Masaƙi zai gane: ado ne wanda awonsa bai dace da ƙidayar zare ba, don haka ba ya taɓa komawa inda ya faro.

A 1974 Pieter de Wolff na Delft, a ƙasar Holan, ya kawo lissafin da ya bayyana irin wannan tsari, bayan nazarin sodiyam kabonet, ɗan'uwan kanwarmu. A farkon shekarun 1990 ƙungiyar masana kiristal ta duniya ta sake ma'anar kalmar kanta.

Darasin a fili yake. Mun sayi rini a ganga, ba mu gina ɗakunan binciken da za su san abin da ke cikinta ba. Yau masaƙun Kano da dama sun rufe. In har za su farfaɗo, wajibi ne jami'a da masana'anta su haɗa hannu tun daga tushe.