Tarihin neman cikon haƙorin da zai kashe ƙwayoyin cuta

Idan likita ya taɓa cike maka kogon haƙori, wataƙila ka ɗauka magana ta ƙare. Ba lallai ba. Ɗaya daga cikin manyan dalilan da ke sa a ƙwaƙule tsohon ciko a yi sabo shi ne ruɓewa ta sake kamawa a gefensa, daidai inda ya haɗu da haƙori.

Tun 1890 aka gano bakin zaren. Willoughby Miller, likitan haƙori Ba'amurke da ke aiki a Jamus, ya nuna cewa ƙwayoyin bakteriya na cikin baki su ke cin sukari da ragowar abinci, su fitar da asid, asid ɗin ya riƙa narkar da haƙori.

Abin mamaki, cikon da ake yi a da yana yaƙar waɗannan ƙwayoyi ba tare da kowa ya shirya hakan ba. Ka san baƙin cikon nan, amalgam? Haɗin azurfa ne da kuza da jan ƙarfe da zaiba. Bakteriya ba ta jituwa da waɗannan ƙarafa, kuma tsatsar da cikon ke yi sannu a hankali tana toshe 'yar kafar da ke gefensa. Haka ma wani siminti mai suna silikat da aka yi yayinsa a farkon ƙarni na 20: an zuba masa fuloraid ne don garin gilashinsa ya yi sauƙin narkewa a masana'anta, sai likitoci suka lura ba kasafai gefensa ke ruɓewa ba.

A 1962 Rafael Bowen a Amurka ya samar da ƙaron roba da ya zama tushen farin cikon zamani. Kyau kam ba a magana, launin haƙori sak. Amma fa yana ɗan tsukewa idan yana daskarewa, datti ya fi manne masa, kuma ba ya kashe komai. Daga nan aka koma neman abin da a da ake samu a banza. A 1972 Alan Wilson da Brian Kent a Landan suka fitar da simintin gilashi mai sakin fuloraid.

Wasu kuma suka gwada cuɗa maganin kurkure baki, kulohezidin, cikin ciko. Yana aiki, amma cikin ɗan lokaci mafi yawansa ya tsiyaye, ya bar ƙananan ramuka, cikon ya yi rauni.

To, idan aka ɗaure maganin yadda ba zai fita ba fa? Tunanin Satoshi Imazato na Jami'ar Osaka ke nan a shekarun 1990. Sinadarinsa, MDPB, yana daskarewa tare da robar, ya fasa fatar duk bakteriyar da ta taɓa shi. A 2004 kamfanin Kuraray na Japan ya saka shi cikin gam ɗin manna ciko. Cikas ɗinsa shi ne sai an taɓa shi yake kisa, ga shi kuma miyau yakan shafe saman ciko da furotin nan da nan.

A nan ya kamata ka yi hattara da talla. Kashe bakteriya a ɗakin gwaji daban, hana ruɓewa a bakin mutum shekara da shekaru daban. A 2013 masanan ƙungiyar Cochrane sun nemi gwajin da aka yi a kan mutane, wanda ya kwatanta farin ciko mai magani da mara magani, ba su samu ko ɗaya da ya cika sharuɗɗansu ba. A shekarar ce kuma aka ƙulla yarjejeniyar Minamata, wadda ta nemi a rage amfani da amalgam saboda zaibar da ke cikinsa, har Tarayyar Turai ta hana shi daga farkon 2025, sai inda likita ya ga ba makawa.