Baba Maƙeri da Tarihin Katolika a Ƙasar Kano

Wannan makon na ajiye labarin soyayya, zan ɗan taɓo tarihi, saboda wani abu da ya daɗe yana ci mini rai.

Ina yarinya a Gafasa, akwai wani tsoho Bamaguje daga kudancin Kano da ke zuwa ci-rani yana ƙera fartanya. Baba Maƙeri muke ce masa. Yakan yi wa mahaifina ba'a cewa gida ya dawo, tunda tarihin Kano ya ce maƙeran farko da suka zauna a Dala daga Gaya suka taso. Wata shekara sai ga shi da ƙaramin gicciye a wuya. Mahaifina ya ce, "Baba, ashe ka zama Kirista?" Ya ce, "Malam, ina bakin ƙofa dai, ban shiga ba." Sai da na girma na gane nufinsa.

Ɗarikar Katolika ta daɗe da leƙo ƙasar Hausa. A 1711 wasu limamanta biyu, Fada Carlo da Fada Severino, suka keto Sahara daga Tarabulus har Katsina, ciwo ya kama su suka rasu a can. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba. Don haka a Sabon Gari 'yan mishan suka zauna, yawancin mabiyansu baƙi ne daga kudu. Daga baya ne suka fuskanci ƙauyukan Maguzawa, irin na wajen Malumfashi. Kano ta zama cikakkiyar dayosis a 1999 ƙarƙashin Bishop Patrick Sheehan, ɗan ƙasar Ailan, sannan Bishop John Niyiring ya gaje shi a 2008. A 2023 aka kafa dayosis ɗin Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan Malumfashi, bishop ɗinta na farko.

To, mene ne ya tsayar da Baba a bakin ƙofa? A Katolika baligi ba ya shiga rana ɗaya. Sai ya daɗe yana ɗaukar karatu wajen malamin coci, galibi kuma a daren Ista ake yi masa baftisma. Karatun bai gagari Baba ba. Matansa biyu ne matsalar. Dokar cocin ta 1983 ta ce mai mata da yawa, in zai karɓi baftisma, guda ɗaya zai riƙe, sauran a rabu da su, amma a kula da buƙatunsu.

Ku duba fa. Uwargida ita ta sha wahalar talauci da shi. Amarya kuma ita ke da ƙananan yara. Wacce zai kalla ya ce ta tattara kayanta? Na ji ya ce wa mahaifina, "Malam, ba ta zage ni ba, ba ta ci amanata ba, da wane baki zan sallame ta?" Haka ya yi ta zuwa coci duk Lahadi, yana zama a baya in an tashi karɓar jibi. Sai bayan uwargida ta rasu aka yi masa baftisma, furfura ta gama rufe shi.

Ni Musulma ce, kuma a kan addinina nake fatan cikawa. Amma na rubuta littattafai da dama a kan kishiya da saki, mazan ciki suna sakin mata a kan gishirin miya. Ban taɓa rubuta namijin da ya ƙi wulaƙanta matarsa ba, alhali abin da ransa ke so yana jiransa. Littattafan tarihi sun riƙe sunayen bishop-bishop da shekarunsu, sun manta da irin su Baba da matansu. Shi ya sa na rubuta wannan.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Mako mai zuwa za mu koma kan labarinmu.