Kayan Gwanjon Soja da Masu Tsofaffin Ƙarafa: Tarihin da Ake Sayarwa a Kan Sikeli

Idan aka ambaci tarihi, akasarinmu ɗalibai sai hankalinmu ya tafi ga sarakuna da yaƙe-yaƙe da littattafan da ke jere a laburare. To amma akwai wani tarihin da ba a sa shi a takarda ba, yana nan a jikin jarka da bargo da sifirin mota. Nufina a wannan 'yar maƙala shi ne in bi sawun kayan sojan da suka shigo hannun talakawa ta hanyar gwanjo, da kuma mutanen da suka mai da sayar da tsofaffin kayan gyara sana'arsu, kamar yadda na tarar da abin a garinmu Zakirai, hedkwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, da kasuwannin birnin Kano waɗanda ƙauyukanmu suka dogara da su.

Tushen maganar shi ne Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945. Turawan Ingila sun ɗebi samari da yawa daga ƙasar Hausa. Wasu sun yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, daga baya kuma aka kai runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ƙasar Bama don su kara da Japan. Haka nan kuma tun daga 1940 filin jirgin saman Kano ya zama zango: ana haɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, su biyo ta Kano da Maiduguri da Khartum, su isa Masar. Jirgi kuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Sai da duron mai da tanti da tamfol da motocin ɗaukar kaya. Da yaƙi ya ƙare, aka sallami sojoji, wasu suka dawo da ɗan abin da aka bar musu, abin da hukuma ba ta da bukata kuma aka kaɗa masa ƙararrawar gwanjo.

Da haka kayan suka watsu. Ina yaro na san wani dattijo a garinmu, ɗan Bama, wanda in sanyi ya kama ba ka raba shi da wata doguwar kwat mai nauyi da manyan maɓallai. Ita ce rigarsa da asuba, ita ce mayafinsa da dare, ita ce kuma shaidarsa cewa ya ga teku. A gidaje da dama akwai bargon soja da kabido da kwanon cin abinci mai mariƙi. Wanda ya san kaya, in zai saya sai ya nemi wata alama mai kama da sawun kaza, watau kan kibiya, wadda gwamnatin Ingila ke bugawa a jikin kayanta. Ganin wannan alama ya isa ya yanke ciniki.

Jarka ma da muke ɗebo ruwa da ita 'yar yaƙin nan ce. Jamusawa suka ƙera ta kafin a fara yaƙi, ta ƙarfe, mai cin lita 20, da mariƙi uku don mutum ɗaya ya ɗauka ko biyu su kama. Sojan Ingila suka ga ta fi garwar da suke zuba mai a ciki ƙarko, suka kwaikwaye ta, suka laƙa mata sunan da suke kiran Jamusawa da shi. Daga wannan suna ne Bahaushe ya sami kalmar jarka. Yau ta koma ta roba, amma sunan yana nan.

Abin da ya fi sauya rayuwa shi ne mota. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A ƙasar Filifin, jif-jif ɗin da sojan Amurka suka bari su aka tsawaita aka mai da su motocin haya. A Ingila, wata tsohuwar jif ta soja ce ta ba masu kamfanin Rover dabarar ƙera Land Rover, wadda ta fito a 1948, ta kuma zama motar rangadin Di'o da hakimai a nan. A ƙasar Kano, lokacin ya zo daidai da bunƙasar cinikin gyaɗa, saboda haka loriloro irin su Bedford da Austin suka sami aikin kwaso amfanin gona daga kasuwannin ƙauye zuwa bakin layin dogo. Motar da ta tsufa kuwa kullum tana neman abin gyara, sabon kaya kuma sai a kantin Turawa, da tsada da jira. Nan ne mai tsofaffin ƙarafa ya sami gurbinsa: ya sayi matacciyar mota, ya farke ta, ya rayar da wasu goma da kayan cikinta.

Yaƙin basasa, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, ya ƙara kwararo kaya, domin sojan Nijeriya sun tashi daga wajen dubu 10 zuwa kimanin dubu 250, kuma kowane ɗaya sai da aka ba shi takalmi da kaki da bargo. Sai kuma wasu sauye-sauye suka biyo baya. A watan Afrilu 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama, motocin Ingila masu sitiyari a dama suka fara zama tsohon yayi. A cikin shekarun nan ne kuma aka bar awon inci aka koma milimita, a 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna. To, notin tsohuwar motar Ingila ba ya shiga zaren sabuwa, sifanar wannan ba ta kama kan waccan. Duk wanda yake riƙe da tsohuwar Bedford, ko injin niƙa Lister, ko keke Rali irin na da, dole ya nemi mutumin da ya ajiye tsohon kaya.

Irin waɗannan mutane na tarar a Ƙofar Ruwa, haka kuma suke a Panteka ta Kaduna. Rumfa ce ta kwano, ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai, an rataye lagireto da kafireta, ga buhunan noti da boris, ga fistin a jere. Babu littafi, babu lamba. Mai injin niƙa zai taso daga ƙauye da abin da ya karye a ƙunshe cikin tsumma, ya gaisa, ya miƙa. Dattijo ya juya shi a hannu, ya ce, "Alhaji, wannan ai na mai silinda ɗaya ne," ya kira yaronsa ya faɗa masa buhun da zai zazzage. In babu, ya san wanda yake da shi, ko ya san na wace mota ne za a goge ya zauna. Wannan ilmi a ka yake, an same shi ne da shekaru arba'in na farke inji.

Abin da ya gagari gyara ma ba ya tashi a banza. Maƙeranmu na Zakirai sun fi son sifirin mota wajen ƙera gatari da wuƙa, don ƙarfensa yana riƙe kaifi. Duro ya zama ƙyauren ƙofa da kaskon suya, taya ta zama takalmi, tib ya zama guga, gwangwani ya zama aci-balbal. Gindin tsohuwar mota da tayoyinsa shi ne amalanken shanun da ke kai taki gona. A ƙasa irin tamu, inda gona ke manne da gona kuma ba a barin ko taki ya lalace, wannan tattali ba baƙo ba ne.

Me ya kawo ƙarshen abin? Dalilan suna da yawa. Da aka karya darajar naira a 1986, sabuwar mota ta gagari mutane, sai aka koma shigo da tsofaffin motoci da kayan gyara daga Turai, waɗanda ake kira Beljiyam. Suka zo kwantena-kwantena, suka danne ɗan abin da ake farkewa a gida. Bayansu babura da injuna da kayan gyara na ƙasar Sin suka cika kasuwa, da araha har ta kai saye ya fi gyara sauƙi. Motocin yanzu kuma kwamfuta ke sarrafa su, kunne da hannu ba su isa gano ciwonsu ba. Ta ɓangaren tufafi, doka ta hana farar hula sa kayan soja, kuma tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009 aka tsananta, saboda haka ɗan gwanjo mai hankali ba ya baje kaki a rumfarsa.

Sai dai babban abin da ya share tsofaffin ƙarafa shi ne sikeli. Da masana'antun narka ƙarfe suka buɗe baki, 'yan gwangwan da 'yan jari-bola suka shiga lungu-lungu da ƙauye-ƙauye suna saye da kilo. Sikeli bai san kafiretar Bedford ba, bai san jarka mai tambarin shekarar yaƙi ba, nauyi kawai ya sani. Dattijo ya rasu, magada su ga tarin tsatsa ya tare wuri, su kira mai mota ya auna ya kwashe. Ba na ganin laifin kowa a nan, kowa abinci yake nema. Amma rana ɗaya takan haɗiye abin da aka yi shekaru ana tarawa, rodin gini ya fito daga ciki.

Saboda haka nake kira ga 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu. A Umuahia akwai gidan tarihin yaƙi inda aka ajiye kayan yaƙin basasa, a Kano muna da Gidan Makama, a Kaduna akwai Gidan Arewa. Kayan talaka ma sun cancanci wuri. Duk wanda ya je hutu gida, ya duba ɗakin kakansa kafin mai sikeli ya riga shi. Ya zauna da tsohon makanike ko maƙeri, ya ɗauki muryarsa, ya rubuta sunayen da suke kiran kowane ƙarfe, domin kalmomi irin su lagireto da sifana da kabido su ma tarihin harshenmu ne. Mai neman abin da zai rubuta kundin digiri a kai, ga fili nan ba a nome shi ba, masu ba da labarin kuwa kullum raguwa suke yi.