Balokole: Farkaswar da ta yi shekaru ba ta huce ba

A tsakiyar shekarun 1930, mutanen gabashin Ruwanda da kudu maso yammacin Yuganda sun fara ganin abin da ba su saba gani ba. Mutum zai yi sallama a bakin kanti, ya zube 'yan kuɗi gaban mai kantin, ya ce na kayan da ya taɓa ɗaukewa ne ba da saninsa ba. Wani ya mayar wa maƙwabci fartanya. A asibitin mishan na Gahini, ma'aikata suka riƙa dawo da kayan da aka daɗe da fid da rai da su. Ba ɗan sanda ya kamo su ba, ba kuma ƙararsu aka kai ba. In an tambaye su dalili sai su ce sun sami ceto, kuma Ruhu Mai Tsarki ya hana su sakat sai sun gyara abin da suka ɓata.

Su ne mutanen da aka laƙaba wa suna Balokole da harshen Luganda, wato cetattu, da farko ma da sigar ba'a. Su kuwa 'yan'uwa kawai suke kiran junansu. Tarihin ikkilisiya cike yake da farkaswa irin ta wutar kara, ta tashi bal-bal, a yi kuka a yi waƙa, kafin damina biyu sai toka. Ta ƙasar Wales ta 1904, duk da girgiza duniyar da ta yi, ba ta cika shekara biyu da ƙarfinta ba. Ta Gabashin Afirka kuwa, waɗanda suka tuba a 1936 an same su a 1976 suna nan kan bakansu, sun yi furfura, suna haɗuwa kowane mako kamar jiya aka fara.

Bishara ba baƙuwa ba ce a Yuganda lokacin. 'Yan mishan na CMS, ƙungiyar nan ta Angilikan da Likita Miller ya yi wa aiki a Zariya da Wusasa, sun isa masarautar Buganda tun 1877. A 1886 sarkin Buganda, Kabaka Mwanga, ya sa aka ƙone samarin fadarsa da ransu a Namugongo saboda sun ƙi barin bangaskiyarsu. Amma shekara arba'in bayan haka, jikokin zamanin shahidan sun tarar da wani irin Kiristanci. Baftisma ta zama ƙofar shiga makaranta, makaranta ta zama ƙofar aikin akawu da sarauta. Majami'u cike suke ran Lahadi, gidaje kuma cike da giya da layu da matan ɓoye. Kowa ya sani, ba mai faɗa.

Cikin wannan hali wani matashin likita Bature, Joe Church, wanda ya yi karatu a Cambridge, ya iso yankin a 1927, aka tura shi Gahini, bakin tafkin Muhazi, a Ruwanda da ke hannun Beljiyam. Bai daɗe da sauka ba yunwar da ake kira Rwakayihura ta auka wa ƙasar a 1928 zuwa 1929. Dubban mutane suka bi ta Gahini suna neman hanyar Yuganda, da yawa suka mutu a bakin asibitinsa. Likitan ya gaji tiɓis, jiki da zuciya. Ya ga ya zo koya wa mutane rayuwar nasara cikin Almasihu, shi kansa ba shi da ita.

A watan Satumba 1929 ya tafi Kampala hutu, ya haɗu da Simeon Nsibambi a tudun Namirembe. Nsibambi ɗan manyan gida ne a Buganda, jami'in kiwon lafiya, mai ilimi da rufin asiri, amma shi ma yunwar ruhu na cinsa. Suka zauna kwana biyu da Littafi Mai Tsarki, suna bin ayoyin da suka yi magana kan Ruhu Mai Tsarki ɗaya bayan ɗaya. Ba wata mu'ujiza da aka gani, ba taron jama'a. Sai dai Nsibambi ya ajiye aikin gwamnati ya shiga wa'azi a tituna, har wasu na cewa ya taɓu, Church kuma ya koma Gahini da wani irin hali. A zamanin da Bature ke koyarwa baƙar fata na sauraro, waɗannan biyun sun zauna a matsayin mabukata guda. Wannan zaman shi ya zama samfurin duk abin da ya biyo baya.

A Gahini akwai Yosiya Kinuka, babba cikin ma'aikatan asibiti, wanda ba ya ga maciji da likitan, har yana shirin barin aiki. Ya je Kampala ya ga Nsibambi, ya dawo ya tara abokan aikinsa ya faɗi satar da ya yi da ƙiyayyar da ya riƙe. Akwai kuma Blasio Kigozi, ƙanen Nsibambi, shugaban makaranta. Su uku suka riƙa tashi addu'a tun kafin asuba. A taron ƙarshen Disamba 1933, bayan kwanaki ana wa'azi ba alamar komai, sai a rana ta ƙarshe mutane suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna furta zunubansu, aka shafe sa'o'i ba a iya rufe taro ba. A 1935 tawagar Gahini ta haura Kabale a Yuganda, abin ya kama can ma. Kigozi bai ga yaɗuwarsa ba. Zazzaɓi ya kashe shi a Janairu 1936, yana shirin tambayar majalisar ikkilisiyar Yuganda abin da ya sa ta yi sanyi haka.

Shekarun farko sun zo da mafarkai da rawar jiki da kuka cikin dare, musamman a makarantun 'yan mata. Da a kan waɗannan aka gina, da tuni an manta da sunan Gahini. Shugabannin ba su hana su ba, ba su kuma nemi su ba. Ba su sa magana da harsuna ko warkarwa ta zama ma'aunin cikar mutum da Ruhu ba. Ma'auninsu shi ne ko mutum na iya karyewa, ya ce na yi laifi, ya je ya gyara. Church yakan zana hoton mutum a tsaye ƙiƙam da taurin wuya, sa'an nan ga shi ya sunkuya gaban gicciye. Shi da kansa ya sha neman gafarar ma'aikatansa kan fushi da girman kai, abin da wasu Turawan mishan suka ɗauka zub da mutunci ne.

Ainihin aikin a taron zumunta ake yinsa. Mutum goma ko ashirin, maza da mata, su zauna a ɗaki ko ƙarƙashin itace, sau ɗaya a mako ko fiye. Wani ya ce a makon nan kishi ya kama shi da ya ga amfanin gonar ɗan'uwansa, ya tuba, Yesu ya wanke shi. Wata ta ce ta yi wa mijinta ƙarya kan kuɗin cefane, ta riga ta faɗa masa. Duk wanda ya gama sai a amsa da waƙar Tukutendereza Yesu, wadda ta zama tambarinsu daga Burundi har Kenya. Sai a karanta nassi, kowa ya faɗi abin da ya samu a ciki, a yi addu'a. Suna kiran wannan tafiya cikin haske, daga sura ta farko ta Wasiƙar Yohanna ta Fari. Hasken bai tsaya kan zunubi ba. Mai son aure, mai son canja aiki, mai shirin tafiya ko gina gida, sai ya kawo maganar gaban 'yan'uwa. Bishewar Ruhu a wurinsu ba muryar da mutum ɗaya zai ce ya ji shi kaɗai a ɗakinsa ba ce. Sai an auna ta da nassi da kunnuwan waɗanda suka san halinsa.

A ganina nan ne asirin ɗorewar yake. Koyarwar Keswick ta Ingila, wadda Church ya taso a cikinta, tana yawan magana kan wata rana guda da mai bi zai miƙa kansa ɗungum ya cika da Ruhu. Balokole sun ɗauki wannan suka mai da shi abin kullum. Shaidar shekara goma da ta wuce ba ta isa ba, za a tambaye ka ta makon nan. Dattijon da ya yi shekara talatin cikin zumunta zai tuba gaban yaron da ya shigo jiya. Ba sa aika mai wa'azi shi kaɗai, sai tawaga, don kada wani ya zama tauraro. Ba su da ofis, ba su da rajista, ba albashi. Wanda ya girma a wurinsu shi ne wanda ya fi saurin ganin laifinsa.

Abin ya taɓa zaman jama'a sosai. Tutsi da Hutu suka ci abinci a akushi ɗaya. Mata suka miƙe suna ba da shaida a kasuwa, suka ci abincin da al'ada ta haramta musu. Aka ƙone layu, aka zubar da giya. Daga 1937 abin ya shiga Kenya, ya bi Tanganika da Burundi da kudancin Sudan da gabashin Kwango, ya tsallaka daga Angilikan zuwa Lutheran da Methodist da Presbyterian da Mennonite.

Kada a ɗauka kowa ya yi murna. Furta zunubi a bainar jama'a wuƙa ce mai kaifi biyu. Wanda ya tashi ya ce ya yi zina, sau da yawa sai ya ambaci da wa, gidan wani ya kama da wuta. Dattawa na ganin rashin kunya ne da tozarta dangi, kuma ba a ce ba su da hujja ba. Wasu samarin cetattun sukan tsaya bakin majami'a su ce limamin da ke ciki bai sami ceto ba. A 1941 rikicin ya fashe a kwalejin horar da limamai ta Bishop Tucker da ke Mukono. Ɗalibai na tashi addu'a da ƙarfe huɗu na asuba suna wa'azin tuba ga sauran, hukumar makaranta ta hana, suka ƙi bari, aka kori sama da 20, cikinsu har da William Nagenda, wanda daga baya ya zama babban mai wa'azin farkaswar har ƙasashen Turai da Amurka. Ga dalilin ɓallewa ya samu, amma ba su ɓalle ba. Nsibambi da Nagenda suka dage a kan zama cikin ikkilisiyar duk da korar ɗaliban. A yammacin Kenya wani reshe ya fita a 1958 ƙarƙashin Matthew Ajuoga, amma galibi sun zauna. A 1966 ɗaya daga cikin Balokole, Erica Sabiti, ya zama ɗan Afirka na farko da ya hau kujerar babban bishop na Yuganda da Ruwanda da Burundi.

Gwaji ya zo da jini. Lokacin dokar ta-ɓaci a Kenya daga 1952, mayaƙan Mau Mau na tilasta wa 'yan ƙabilar Kikuyu rantsuwa da jinin akuya. Cetattu suka ƙi, suna cewa wanda jinin Yesu ya wanke ba ya haɗa shi da wani jini. Da yawansu kuma suka ƙi ɗaukar makami su taya Turawa. Sai suka zama abin zargi ta ko'ina, aka kashe wasu. A Yuganda, Janani Luwum, malamin makaranta ɗan ƙabilar Acholi da ya tuba ta wa'azin Balokole a Janairu 1948, ya zama babban bishop a 1974. A Fabrairu 1977 shi da bishop-bishop ɗinsa suka rubuta wa shugaban ƙasa Idi Amin takarda kan kashe-kashe da ɓacewar mutane. Ran 16 ga watan aka kama shi tare da ministoci biyu, Erinayo Oryema da Charles Oboth Ofumbi. Washegari gwamnati ta ce haɗarin mota ne ya kashe su. Ba wanda ya yarda. Bishop Festo Kivengere na Kigezi ya tsere da matarsa ta duwatsu zuwa Ruwanda, kuma a shekarar ya fitar da ɗan littafi mai suna I Love Idi Amin. Ya ba da labarin yadda ya gano, yana zaune a wata majami'a a Landan ran Jumma'a Mai Kyau, cewa ɗacin Amin ya fara cin zuciyarsa, kuma dole ya tuba daga wannan. Ko a gudun hijira, laifin kansa ya fara dubawa, kamar yadda aka koya masa a zumunta.

Tsari irin wannan yana da nasa ciwon. Abin da ya fara da 'yanci yakan daskare ya zama doka: irin tufar da za a sa, irin askin da za a yi, har kalmomin da za a yi shaida da su. A 1971 zumuntar Yuganda ta rabu, wani ɓangare da ake kira Bazukufu, wato farkakku, suka ce sauran sun yi barci cikin son duniya, suka haramta wa kansu cin bashi da inshora. 'Ya'yan cetattu da yawa sun girma suna jin nauyin idon jama'a fiye da daɗin alheri.

Tambaya mafi zafi kuwa daga Ruwanda ta fito, inda abin ya faro. A 1994 aka kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana ɗari, a ƙasar da mafi yawan mutanenta Kirista ne, yankin Gahini ma bai tsira ba. Gaskiya ne Katolika suka fi yawa a ƙasar, kuma 'yan zumunta tsiraru ne. Gaskiya ne kuma an sami waɗanda suka tsaya: Fasto Yona Kanamuzeyi an kashe shi tun 1964 saboda hidimar da yake yi wa Tutsi da aka raba da gidajensu, Israel Havugimana, Bahutu mai wa'azin sulhu, yana cikin waɗanda aka fara kashewa a Afrilu 1994. Amma an kuma sami bishop na Angilikan, Samuel Musabyimana, da kotun duniya ta Arusha ta tuhuma da hannu a kisan, ya mutu a 2003 kafin a yi masa shari'a. Masu nazari daga cikin ikkilisiyar kanta, irin su Roger Bowen da Antoine Rutayisire, sun nuna inda gizo ke saƙa. Farkaswar ta koya wa mutum ya tuba daga satar fartanya da kishin maƙwabci, amma ba ta koya masa yadda zai gane zunubin da gwamnati ke shiryawa ta rediyo da katin shaidar ƙabila ba. Siyasa a wurin yawancinsu abin duniya ce, biyayya ga hukuma kuma wajibi. Luwum ya nuna ana iya haɗa tuban ɗaki da faɗa wa mai mulki gaskiya, sai dai ba a mai da wannan darasin kowane mako ba kamar yadda aka mai da na fartanya.

Nsibambi ya kwanta ciwo tun 1941, ya shafe sauran rayuwarsa galibi a gida, mutane na zuwa neman shawara har rasuwarsa a 1978. Ɗansa Apolo Nsibambi ya yi firaministan Yuganda daga 1999 zuwa 2011. Joe Church ya rasu a Ingila a 1989. Matasan Kampala da Kigali da Nairobi na yau sun fi karkata ga majami'un Fentikos, masu kiɗa da alkawarin buɗi, tarukan zumunta na tsohon salo kuma furfura ta fi yawa a cikinsu. Babban taron Kabale, wanda aka fara a 1935, ana ci gaba da yinsa duk bayan shekara goma.