Malika, Jarumar Azzaz

Malika jaruma ce ta littafin labari mai zane-zane wanda Roye Okupe, ɗan asalin Legas mazaunin Amurka, ya rubuta da Turanci, kamfaninsa YouNeek Studios ya fara fitar da shi a 2017. Chima Kalu ne ya yi zanen.

Tushen labarin yana Zazzau. Okupe ya gina Malika ne a kan Sarauniya Amina, 'yar Bakwa Turunku, wadda har yau ake danganta ganuwar garuruwa da dama da sunanta. A labarin, Malika sarauniya ce kuma shugabar mayaƙan daular Azzaz a ƙarni na 15. Ta gaji ƙasa mai fama da tawaye, ta haɗa kan ƙasar, sannan ta fuskanci rundunar daular Ming ta Sin. Wannan yaƙin ƙirƙira ce, babu shi a tarihin Zazzau. Abin da ya ba littafin daraja shi ne mace ce ke riƙe da takobi, ita ke yanke shawara a fada.

A 2019 aka mayar da shi gajeren fim ɗin katun, da muryar Adesua Etomi. A 2021 kamfanin Dark Horse na Amurka ya karɓi buga littattafan YouNeek.